Kafin gida: abin da kakanninmu ke binnewa kafin su tare

(Jawabin da na gabatar a zaman tattaunawar matasa da dattawa a Safo, kan batun ƙaura da sake matsuguni)

 

Da aka ce zan yi magana kan ƙaura, na san abin da kuke jiran ji: ambaliya, ƴan bindiga, tantuna, buhunan taimako. Zan iso nan. Amma ku yi mini uzuri in biyo ta wata tsohuwar hanya wadda yawancinmu ba mu so a gan mu a kanta. Zan yi magana kan yadda Anna, wato kakanninmu na wannan kwari da ba su yi salla ba, suke barin tsohon gida, da yadda suke kafa sabo.

Na ga wasu malamai sun gyara zama. Allah gafarta malam, a kwantar da hankali. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, ban zo in ce a koma yanka wa tsamiya zakara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan yanka ga itatuwa da duwatsu fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma hukuncin abin a addini ba ɓoyayye ba ne. Tambayata daban take. Mutanen nan ba mahaukata ba ne. Sun zauna bakin gulbin nan ɗaruruwan shekaru, ruwa ya tashe su, yaƙi ya tashe su, yunwa ta tashe su, suka sake kafa gidaje. Wane aiki al'adun nan suke yi musu? Kuma da muka bar al'adun, wa muka bar wa aikin?

Mu fara da kalmar kafi. Yaran yanzu in sun ji "kafin gida" sai su ɗauka ana nufin abin da ya zo gaban gida. A'a. Kafi shi ne maganin tsari da ake binnewa a ƙasa lokacin kafa gida, ko gari, ko kasuwa. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana yawo a kwarin Maraɗi, ya rubuta makala a 1966 kan yadda Bahaushen nan yake fahimtar fili da kusurwoyin duniya, sannan babban littafinsa ya fito a 1975. Abin da ya rubuta, tsofaffinmu sun riga shi sani. In za a kafa gida, ana binne magani a wuri biyar: gabas, yamma, kudu, arewa, da tsakiya. Haka ake yi wa sabuwar gona in an sare daji. Uku lambar namiji ce, huɗu ta mace, bakwai kuwa haɗuwarsu, kuma ana lura da wannan lissafi a cikin aikin. Gida a wurinsu ƙaramar duniya ce mai kusurwa huɗu da cibiya.

Kafin a kai ga haƙa rami ma, akwai neman izini. A fahimtar Anna babu fili marar mai shi. Dajin da kake gani fayau yana da mazauna, iskoki, irin su Doguwa da ake kira Uwar Gona, da Kure, da sauransu. Wanda ya fara sare wurin shi ya ƙulla amana da su, kuma amanar tana hannun zuriyarsa. Saboda haka baƙo ba ya zuwa ya dasa shinge don kawai ya ga sarari. Sai ya bi ta hannun masu wurin, su nuna masa inda zai tsaya, su gaya masa abin da wurin ya ƙi da abin da yake so. A cikin gidan kuma a kafa jigo, itacen da maigida yake yanka a gindinsa, kowane iska da launin dabbarsa, wani jan zakara, wani baƙar akuya. Naman kuwa ba binne shi ake ba. Ci ake yi, da dangi da maƙwabta.

To, ku cire iskokin a gefe na minti ɗaya, ku dubi abin da ya rage. Mutum ya zo ta hannun wanda ya san tarihin filin. An taka kusurwa huɗu, kowa ya ga inda iyaka ta tsaya. An yi gayya an kwaɓa ƙasa, an ɗora jinka. An ci nama tare. Abin da ke cikin tukunyar da aka binne sirrin maigida ne da bokansa, amma inda kusurwar gidan take, unguwa duka ta sani. Bayan shekara ashirin in wani ya taso ya ce filin na ubansa ne, akwai mutum goma da suka ci naman ranar, kuma ba za su iya cewa ba su gani ba. A zamanin da babu takarda, babu hatimi, wannan ita ce takardar.

Kuma akwai ilimin ƙasa a ciki. In tsoho ya ce maka kada ka yi gini a wancan kwari, wurin yana da masu shi, kana iya yi masa dariya. Amma je ka dubi wurin a watan Agusta. Sau da yawa hanyar ruwa ce. Ba na cewa kowane camfi yana da hikima a bayansa, wasu tsoro ne zalla. Sai dai mu da muka je lakwal muka karanta taswira, mun raba filaye a wuraren da jahilin kakanmu ba zai ɗaure ko jaki ba.

Yanzu barin gida. Wannan shi ya fi taɓa ni, don shi ne muka fi mantawa.

Hausa tana da kalma ta musamman ga wurin da aka tashi aka bari: kufai. Harshen da ya ware wa abu suna, ya daɗe yana hulɗa da shi. A jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, wanda tarihin baka ke cewa daga nan mutanen Kano suka taso. A wajen Dakoro akwai Birnin Lalle, tsohon mazaunin Gobirawa. Kusan kowane gari a bakin gulbin nan, in ka tambayi dattawa, za su nuna maka wani tudu su ce can aka fara zama. Kufai ba juji ba ne. Yara na tsoronsa da dare, ana cewa iskoki sun gaje shi, amma masu shi ba su taɓa sakinsa ba. Suna noma shi, don ƙasar kufai ta sha taki da toka, hatsinta daban ne. Kuka da tsamiyar da ke ciki nasu ne. Kaburburan iyayensu suna nan. Cibiyoyin ƴaƴansu suna nan, don in an haihu a bayan ɗakin uwa ake binne mabiyiya. Har gobe in Bahaushe zai nuna maka asalinsa cewa yake nan aka binne cibiyarsa.

Shi ya sa ba a tashi kamar ɓarawo. Ana zaɓen rana. Ana zagaya maƙwabta a yi ban kwana, a nemi gafara, a ce a yafe mana abin da muka yi da saninmu da wanda ba mu sani ba. Mai bin ka bashi ya ji, wanda kake bi ya ji. A gaya wa mai gari. Abin da zai ɗauku a ɗauka, har jinkar ɗaki sukutum, maza su taru su ɗaga ta a ka, wasunku sun ga wannan da idonsu. Ga Anna kuma akwai ƙarin nauyi: abin da gidan yake yi wa yanka gado ne, kamar yadda noma ko farauta ko ƙira suke gado. Ba a barinsa a kufai a juya baya. Dole a sake kafa masa wuri a sabon gida, don sun yi imani in ka yi watsi da shi zai biyo ka da ciwo, ko ɓari, ko gobara. Ni ban yarda iska na bin mutum don bai ba ta jini ba. Amma na yarda wanda aka fizge daga gidansa ba tare da ya yi sallama da komai ba, akwai abin da ke bin sa. Na gan shi a idon tsofaffin da suka kwana a azuzuwan makaranta. Likitoci suna da sunan da suke ba abin. Kakanninmu sun ba shi nasu sunan, suka kuma tanadar masa magani tun kafin a tashi.

Da Musulunci ya game ƙasa, abin bai mutu ba, hannu ya sauya. Malam ya karɓi wurin boka. Aka koma saukar Alƙur'ani a sabon gida, a karanta Baƙara, a yi turare, a soya waina a raba wa yara sadaka, a kira maƙwabta walima. Wasu malaman ma har yau suna rubuta laya a binne a kusurwa ko a rataye bisa ƙofa, kuma sunanta bai canza ba, kafi. Na san akwai saɓani a kan wannan tsakanin malamanmu, kuma ba ni zan raba gardamar ba. Abin da ya dame ni shi ne, ko ta hanyar Anna ko ta hanyar malam, ba a shiga gida shiru. Sai an tara mutane.

Kada kuma in yi wa da ado fiye da kima. Bokaye sun ci dukiyar talakawa da sunan kafi. Akwai labaran da ake bayarwa na mutanen da aka binne a ganuwar birane, ko gaskiya ne ko almara, sun nuna irin tsoron da ke tattare da abin. Bawa ba a tambayarsa in za a tashi. Mace ma ba a cika tambayarta ba, alhali in ana maganar sanin ƙaura, iyayenmu mata su ne malamai. Namiji yana iya mutuwa a gidan da aka haife shi. Mace kuwa tun tana yarinya ake naɗe ta a kai ta gidan da ba ta sani ba. Ku dubi yadda aka kewaye wannan tashin da al'ada: kuka, nasihar iyaye, rakiyar ƙawaye, jere, sayen baki, buɗar kai, ranar da za ta fara ɗora tukunya a murhunta. Duk don kada ta ji an jefar da ita. Amma in auren ya mutu fa? Ta fito da kwanukanta a ka, ba rakiya, ba guɗa, ta bar cibiyoyin ƴaƴanta a bayan ɗakin da wata za ta shiga. Irin wannan fitar ce ake yi wa garuruwa sukutum a yau.

Mu mutanen Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba, don asalinmu ƴan gudun hijira ne. Da Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse, ya yi yawo, kafin Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi a wajen 1819. Su wa ya tarar? Anna na kwarin nan. Da goyon bayansu ya kafu, kuma sarautar ta san da haka, shi ya sa aka bar musu matsayinsu a al'amuran ƙasa da daji. Har yau ana ce wa sarkinmu Sarkin Katsina, shekara 200 bayan barin Katsina. Kun ga mutanen da suka ɗauko abin da zai ɗauku.

Sai 1945. Gulbi ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Turawan mulkin mallaka suka tayar da garin zuwa bisa tudu, suka ja layuka miƙaƙƙu, suka yanka filaye murabba'i. Ta fuskar tsira daga ruwa, dabara ce mai kyau, ba a musu. Amma ku lura da sunayen da ke kewaye da fada har yau: Ƴandaka, Limanci, Bagalam, Maradawa. Mutane sun hau tudu da unguwanninsu, maƙwabci kusa da maƙwabci. Ko Bature mai bulala bai watsa su kamar tsaba ba.

To mu zo yau. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A nan gundumarmu ta Madarumfa, ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi da bakin iyaka sun san satar shanu da satar mutane, kuma kowa a nan ya san gidan da ya sauki dangi da tsakar dare. Sai damanar 2024: ranar 30 ga Agusta ruwa ya sauka a birnin Maraɗi, aƙalla mutum 15 suka rasu a wannan ruwa kaɗai. A ƙasa baki ɗaya waɗanda suka rasu a damanar sun haura 300, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa mutane ne a ciki.

Wanda bindiga ta kora ba shi da lokacin ban kwana, wannan ba laifin kowa ba ne sai na mai bindigar. Wanda bango ya faɗo masa da dare haka. Amma abin da ke biyo baya, wannan a hannunmu yake, kuma nan ne nake da ƙorafi.

Na zauna da wani magidanci da ruwa ya rushe wa ɗakuna uku. Wani mai hali ya nuna masa fili a bakin gonarsa, ya ce zauna, Allah ya kiyaye gaba. Su biyu kaɗai, sai Allah. Ya ci bashi ya yi bulo, ya tada ɗaki biyu. Bayan shekara mai filin ya rasu, magada suka zo rabon gado, suka ce ba su san zancen ba. Kuma wataƙila da gaske ba su sani ba. Ba takarda, ba shaida, ba wanda ya ci ko ƙwayar goro a kan maganar. A zamanin jigo wannan ba za ta faru da sauƙi ba. A zamanin takarda ma bai kamata ta faru ba. Shi ya faɗa tsakani: mun saki na da, ba mu kama na yanzu ba.

Alhali dokokin suna nan. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar take da dokar tsarin karkara, wadda ta kafa kwamitocin filaye tun daga gunduma, zuwa ƙaramar hukuma, har zuwa gari, waɗanda muke kira Kofo. Aikinsu ne su rubuta shaidar gado, da kyauta, da saye, da aro, da jingina. Aro ma ana rubuta shi, jama'a. A watan Disamba na 2018 kuma ƙasarmu ta kafa doka mai lamba 2018-74 kan kare waɗanda suka rasa matsugunansu a cikin gida, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar ƙasa. Ruhin yarjejeniyar shi ne a shawarci mutum kan inda za a kai shi, kuma komawa ko zama ya kasance da yardarsa. Mun iya sa hannu a takarda, wallahi mun iya. Amma mutum nawa a wannan rumfa suka taɓa jin an karanta musu dokar nan da Hausa?

Saboda haka ga abin da nake so mu ɗauka, mu matasa, mu kai gaban magajin gari da masu garuruwa. Duk wanda za a ba fili saboda ruwa ko gudun hijira, ko aro ne na damana biyu, a taka kusurwa huɗun nan a gaban mutane. Mai gari ya zo, liman ya zo, ɗan Kofo ya zo da littafinsa, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya, magadan mai filin su ji da kunnensu. A yi addu'a, a raba goro, a rubuta. Ba ya cin kuɗin da ya kai na buhun siminti. In kuma unguwa za a tayar daga bakin gulbi, a tayar da ita a matsayin unguwa, kada a jefa ƙuri'a a raba tsohuwa da maƙwabciyar da ke ɗebo mata ruwa shekara talatin. Kuma a faɗa a rubuce cewa kufan nasu ne: su noma shi, su ci itatuwansa, su ziyarci kaburburansu. Rabin masu ƙin tashi daga hanyar ruwa ba taurin kai ba ne, tsoro suke kada su juya baya a sayar da wurin. Ka ba mutum tabbacin kufansa, ka ga ko ba zai hau tudu ba.

Sai maganar mata, kuma a nan zan ɗan tsaya. Binciken da Marthe Diarra Doka da Marie Monimart suka wallafa a 2004 ya nuna yadda matan kudancin Maraɗi suke rasa gamanarsu saboda ƙasa ta yi kaɗan. Fiye da shekara ashirin ke nan, kuma ƙasar ba ta ƙaru ba. In an zo rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci, "maigida" ake tambaya. Gidan da ke da mata uku, ɗaki uku, murhu uku, sai a rubuta shi gida ɗaya, a ba shi tanti ɗaya. Bazawarar da ke zaune a gidan wanta ba ta cikin lissafi sam. Mu nemi a riƙa ƙidaya da murhu. Duk inda ake ɗora tukunya, a rubuta sunan mai tukunyar.

Akwai aikin da ba sai mun jira kowa ba. Tsofaffin da suka san inda gulbi ya taɓa kaiwa, da inda aka ce kada a yi gini, da dalilin da aka bayar, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu suna jin kunyar faɗa, don kada jikokinsu su ce musu arna. Kowannenmu yana da waya a aljihu. Kafin damana ta faɗi, mu rarrabu biyu-biyu, mace da mace, namiji da namiji, mu zauna da su, mu ɗauki muryarsu in sun yarda, mu bi su su nuna mana wuraren da ƙafa. Abin da ya shafi yanka mu rubuta shi a matsayin tarihi, abin da ya shafi ruwa mu ɗora shi bisa taswira mu kai ma'aikatar magajin gari kafin a sake yanka wasu filayen. Wanda yake so ya shiga, takarda tana wajen ƴan uwa a bakin ƙofa, a rubuta suna da unguwa. Iyayenmu mata da ke can baya, ku za mu fara zo wa, don haka a tanadar mana fura.